Hakin da tushensa hanta ce: Yadda ƙeƙashewar hanta ke lalata jijiyoyin jinin huhu

Mutumin da ya daɗe yana fama da ciwon hanta kan wayi gari numfashi ya fara yi masa wuya. Ma'aikacin da ya saba hawa benen sakatariya a Birnin Kebbi sai ya koma yada zango a tsakiyar matakala, ɗan kasuwar da ke ɗaga buhun shinkafa shi kaɗai sai ya kasa tafiya daga rumfa zuwa masallaci ba tare da haki ba. Abin da ake fara zato shi ne asma, ko tarin fuka, ko ƙurar hunturu. A ɗauki hoton ƙirji a ga huhu fes, a gwada majina a rasa komai, a sha maganin tari kwalba bayan kwalba, amma hakin yana nan. A wasu daga cikin irin waɗannan marasa lafiya, naman huhun lafiyarsa lau. Jijiyoyin jinin da suka ratsa cikinsa ne suka lalace, kuma hanta ce ta jawo.

Likitoci sun san manyan matsaloli biyu na wannan fanni. A ta farko jijiyoyin huhu suna saki su buɗe fiye da kima, jini ya wuce bai ɗauki iskar oksijin ba. Ana taƙaita sunanta da HPS. A ta biyu jijiyoyin suna tsukewa su yi kauri har zuciya ta gaji da tura jini. Ita kuma ana kiranta PoPH. Duka biyun da haki suke zuwa, amma bincikensu daban, maganinsu daban, kuma abin da ya dace da ɗaya yana iya cutar da mai ɗayar.

Alaƙar hanta da huhu

Hantar babban mutum tana da nauyin kimanin kilo ɗaya da rabi, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jinin da zuciya ke fitarwa ta cikinta yake bi. Mafi yawan wannan jini, wajen kashi uku cikin huɗu, yana zuwa ne daga hanji da saifa ta wata babbar jijiya da za a iya kira jijiyar ƙofar hanta. Hanta ta tace shi, ta cire guba da ɓurɓushin ƙwayoyin cuta na hanji, sannan ta miƙa shi ga ɓangaren dama na zuciya. Daga nan kai tsaye huhu ya nufa. Ke nan huhu ne gaɓa ta farko da ke karɓar duk abin da ya kuɓuce wa hanta.

Ƙeƙashewar hanta, wadda likitan Faransa René Laennec ya raɗa wa suna sirosis a 1819, ita ce matakin da tabo ya maye gurbin lafiyayyen naman hanta bayan shekaru na kumburi. Hantar ta yi tauri, ta yi ƙulle-ƙulle, jini ya kasa ratsa ta cikin sauƙi. Sai matsin jini ya hau a jijiyar ƙofa, saifa ta kumbura, ciki ya tara ruwa, jinin kuma ya nemi wasu ƙananan hanyoyi ya kewaye hantar. Wasu daga cikin hanyoyin nan suna cikin maƙogwaron abinci, kuma fashewarsu ce ke kawo aman jinin da ake tsoro. Jinin da ya bi ta kewaye yana isa huhu ba a tace shi ba, ɗauke da sinadaran da ke sa jijiyoyi su saki ko su tsuke.

A ƙasashen Turai giya ce kan gaba wajen jawo ƙeƙashewar hanta. A Arewacin Najeriya kuwa ƙwayar cutar hanta nau'in B ce babbar sanadi. Babban binciken ƙasa na shekarar 2018, wanda aka sani da NAIIS, ya gano cewa kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, kashi 1.1 kuma nau'in C. Yawancinsu sun kamu tun suna jarirai ko yara, daga uwa lokacin haihuwa ko ta askar kaciya, cire beli, ƙaho da yankan farce da kayan da ba a tsabtace ba, kuma sukan yi shekara ashirin ko talatin ba su ji komai ba. A birane kuma taruwar kitse a hanta, mai tafiya tare da ƙiba da ciwon sukari, tana ƙara samun gindin zama tsakanin masu yini a kan kujera.

Buɗewar jijiyoyin huhu

A 1884 wani likita mai suna Flückiger ya ba da labarin wata mata mai ƙeƙasasshiyar hanta wadda jikinta ya yi shuɗi-shuɗi, kan yatsunta kuma ya kumbura. An shafe shekaru kafin a fahimci dalili. A 1966 Berthelot da abokan aikinsa suka bincika huhun mamata masu wannan cuta, suka ga ƙananan jijiyoyin sun buɗe ƙwarai, sannan a 1977 Kennedy da Knudson suka ba matsalar sunan da ake kiranta da shi a yau.

Huhu yana ɗauke da ɗaruruwan miliyoyin ƙananan jakunkunan iska, kowace kewaye da siraran jijiyoyi masu faɗin maikiron 8 zuwa 15. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Saboda wannan ƙunci, jajayen ƙwayoyin jini suna wucewa ne kusan ɗaya bayan ɗaya, kowace tana gogar bango, kuma cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya ta cika da oksijin. A jikin mai HPS waɗannan jijiyoyi suna buɗewa su kai maikiron 100, wani lokaci ma fiye. Ƙwayoyin da ke gefe suna samun iska, na tsakiya kuwa su wuce hannu rabbana. Ga shi kuma zuciyar mai ciwon hanta tana harba jini da yawa da sauri, lokacin ɗaukar iskar ya ƙara gajarta. A wasu ma akan sami hanyoyin da suka haɗa jijiyar shiga da ta fita kai tsaye, jini ya tsallake jakunkunan iskar baki ɗaya. Sinadarin da aka fi dangantawa da wannan saki shi ne naitirik oksayid, wanda bangon jijiyoyi da wasu fararen ƙwayoyin jini da ke taruwa a huhu suke fitarwa fiye da kima.

Akwai alama ɗaya da ta bambanta wannan cuta da sauran masu kawo haki. Mai ciwon zuciya ko mai asma yana samun sauƙi idan ya tashi zaune, shi ya sa ake tara masa matasan kai. Mai HPS kuwa ya fi shan wuya a zaune ko a tsaye, idan ya kwanta sai numfashi ya daidaita. Dalili shi ne buɗaɗɗun jijiyoyin sun fi yawa a ƙasan huhu, kuma da mutum ya miƙe nauyin jini can yake gangarawa. 'Yan uwa kan ɗauki yawan kwanciyar a matsayin kasala ko mutuwar zuciya, alhali jiki ne ke neman yanayin da zai sami iska. Ba kowane mai cutar ne ke nuna wannan alama ba, amma duk wanda ya lura da ita ya kamata ya faɗa wa likita da bakinsa, don ba kasafai ake tambaya ba.

Sauran alamun su ne kumburin kan yatsu da lanƙwasar farce kamar bayan cokali, da wasu jajayen ɗigo masu rassa kamar ƙafafun gizo-gizo a ƙirji da wuya, da shuɗin leɓe. A baƙar fata ɗigon da shuɗin suna da wuyar gani, don haka harshe da cikin leɓe ake dubawa.

Binciken da aka yi a cibiyoyin dashen hanta na duniya ya nuna cewa tsakanin kashi 5 zuwa 30 cikin 100 na masu ƙeƙashewar hanta suna da HPS, gwargwadon ma'aunin da aka yi amfani da shi. Wani abin lura shi ne tsananinta ba ya bin tsananin ciwon hantar. Mutum na iya zama ba shawara a idonsa, cikinsa bai kumbura ba, amma iskar jininsa ta yi ƙasa sosai.

Tsukewar jijiyoyin huhu

PoPH ta fi ƙaranci, tana samun kimanin kashi 2 zuwa 6 cikin 100 na masu hawan jinin jijiyar ƙofar hanta, amma ta fi saurin kisa. Mantz da Craige ne suka fara bayyana ta a 1951. A nan bangon ƙananan jijiyoyin huhu yana yin kauri, tsokarsu ta ɗaure, wasu su toshe da ƙananan gudajin jini. Manomin rani a fadamar Argungu ya san abin da ke faruwa idan tiyo ya lanƙwashe ko laka ta cushe shi: injin ban-ruwa ya yi ta gurnani, ya yi zafi, ruwa kaɗan ke fita, ƙarshe injin ya tsaya. Haka ɓangaren dama na zuciya yake. Bangonsa siriri ne, an tsara shi don tura jini a hanya mai sauƙi. Idan hanyar ta tsuke, sai ya yi kauri na ɗan lokaci, daga baya ya buɗe ya gaza.

A jikin mai lafiya matsakaicin matsin jini a babbar jijiyar huhu bai wuce kimanin milimita 14 a ma'aunin zaiba ba. Shekaru da dama ana ɗaukar 25 a matsayin iyakar cuta, amma ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin zuciya da na huhu na Turai suka fitar a 2022 sun sauko da ita zuwa abin da ya haura 20. Wannan hawan jini ba shi ne wanda ake aunawa a dantse ba. Mutum na iya zuwa kemis a auna shi a ce jininsa daidai, ko ma ya yi ƙasa, kamar yadda aka saba gani ga masu ciwon hanta, alhali matsin da ke cikin huhunsa ya ninka na al'ada sau uku.

Alamunta suna zuwa a hankali: haki idan an motsa, gajiya, bugun zuciya, ciwon ƙirji, daga baya jiri ko suma yayin aiki. Kumburin ƙafa da na ciki suna cikin alamun, amma da yake ciwon hanta ma yana kawo su, sai a jingina masa komai. Iskar jinin mai PoPH takan kasance kusa da daidai har sai cutar ta yi nisa. Mata sun fi maza kamuwa, haka ma masu ciwon hantar da garkuwar jiki ke jawowa. Wani bincike na asibitin Mayo a Amurka da aka wallafa a 2008 ya gano cewa cikin waɗanda ba su sami kowane irin magani ba, kashi 14 cikin 100 kaɗai suka kai shekara biyar.

Ruwan fadama da tsargiya

A kwarin Rima akwai ƙarin hanya da ke kai mutum ga wannan matsala, kuma ba ta bi ta ƙeƙashewar hanta irin ta littafi. Rayuwar Kabawa a ruwa take. Tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, bikin kamun kifi na Matan Fada ya zama abin da duniya ta san garin da shi, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Amma shiga ruwan kwana ɗaya a shekara ba shi ne babban abin dubawa ba. Masunta da homa da gora, manoman shinkafa da ke yini tsundum a fadama, mata masu wanki da yaran da ke iyo a tafkunan da ambaliya ta bari, su ne ke cuɗanya da ruwan kullum. Noman rani ya ƙara faɗaɗa tun bayan ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a Nuwambar 2015, wanda ke nufin ƙarin mutane a cikin ruwa na ƙarin watanni.

Tsutsar tsargiya, wadda Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851, tana rayuwa ne tsakanin mutum da ƙananan dodon koɗin ruwa. Ƙwanta yana fita da fitsari ko bayan gida, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga dodon koɗi ya hayayyafa, sannan 'ya'yan su fito su huda fatar wanda ya shiga ruwan. Nau'in da aka fi sani a Arewa maso Yamma shi ne mai sa fitsarin jini, wanda a da wasu ke ɗauka alamar balagar yaro ce. Akwai nau'i na biyu, mansoni, mai zama a jijiyoyin hanji, kuma shi ne mai taɓa hanta. Ba ya sa fitsarin jini, don haka yakan daɗe a ɓoye. Ƙwayayensa suna bin jini su maƙale a rassan jijiyar ƙofar hanta, jiki ya kewaye su da tabo, jijiyoyin su yi kauri kamar bututun lofe, kamar yadda likita Symmers ya siffanta a Masar a 1904. Naman hantar kansa yakan ci gaba da aiki, gwajin jini ya fito kusan daidai, amma saifa ta kumbura, matsin jini ya hau, aman jini ya biyo baya.

Da hanyoyin kewaye suka buɗe, ƙwayayen tsutsar sukan bi ta cikinsu su isa huhu, su tayar da kumburi a bangon jijiyoyi. Wani bincike a Burazil ya sami hawan jinin huhu a kusan kashi 5 cikin 100 na waɗanda tsutsar ta lalata wa hanta da saifa. Adadin kamar kaɗan ne, amma da yake masu tsargiya a duniya sun haura miliyan ɗari biyu, kuma Najeriya tana sahun gaba a yawansu, masana suna lissafa ta cikin manyan masu jawo wannan nau'in hawan jini a duniya. Maganin firazikwantel da ake raba wa 'yan makaranta yana kashe tsutsar, kuma idan an sha da wuri tabon hanta yana iya raguwa. Idan jijiyoyin huhu sun riga sun yi kauri, kashe tsutsar ba ya mayar da su yadda suke. Wanda ke da tsargiyar hanji da ƙwayar cutar hanta nau'in B ko C a lokaci guda, hantarsa ta fi saurin lalacewa.

Yadda ake ganowa

Kafin a kai ga waɗannan cututtuka biyu, likita yakan fara kawar da abubuwan da suka fi yawa. Ƙarancin jini yana sa haki. Ruwan da ya cika ciki yana danne huhu daga ƙasa. A kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na masu ƙeƙashewar hanta ruwan yana ratsawa ta ƙananan huji a tantanin da ya raba ciki da ƙirji ya taru a gefen huhu, galibi na dama, kuma hoton ƙirji yana nuna shi. Tarin fuka yana nan, haka ma ciwon zuciyar bayan haihuwa da ya yi yawa tsakanin matan ƙasar Hausa.

Gwaji mafi sauƙi shi ne 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, wadda mutane suka saba da ita lokacin annobar korona. Idan ta nuna ƙasa da 96 ga mai ciwon hanta, akwai buƙatar ƙarin bincike, kuma ya fi kyau a auna a kwance sannan a sake aunawa a tsaye. Sai dai na'urar tana da rauni da ya shafi mutanen nan kai tsaye. Wani bincike na Jami'ar Mishigan a 2020 ya nuna cewa tana ɓoye ƙarancin iska a jikin baƙaƙen fata kusan ninki uku fiye da farare, wato ta nuna adadi mai kyau alhali iskar ta yi ƙasa. Baƙin lalle da jan farce na kanti da sanyin yatsa ma suna rikita ta. Saboda haka mai hakin da na'urar ta nuna masa 97 bai kamata a sallame shi a kan haka kaɗai ba. Tabbaci yana samuwa ne ta gwajin jinin da aka ɗebo daga jijiyar wuyan hannu mai bugawa. Idan ma'aunin oksijin a wannan jini ya kai 80 ko fiye, cutar mai sauƙi ce. 60 zuwa 79 matsakaiciya. 50 zuwa 59 mai tsanani. Ƙasa da 50 mai tsanani ƙwarai.

Hoton zuciya na eko shi ne ginshiƙin binciken duka biyun. Don gano HPS akwai wata dabara mai arha: a girgiza ruwan gishirin asibiti da 'yar iska tsakanin sirinji biyu har ya yi ƙananan kumfa, a zuba a jijiyar hannu ana kallon zuciya. A jikin mai lafiya kumfar tana bayyana a ɓangaren dama, ta shiga huhu ta maƙale a siraran jijiyoyi ta narke. Idan jijiyoyin sun buɗe, sai ta ratsa ta bayyana a ɓangaren hagu bayan bugun zuciya uku zuwa shida. Idan ta bayyana kafin haka, alama ce ta huji a cikin zuciyar kanta. Gwajin ba ya buƙatar komai sai na'urar eko da ƙwararren mai dubawa.

Ga PoPH kuwa, eko yana ƙiyasta matsin ne kawai, yana kuma nuna ko ɓangaren dama ya buɗe. Tabbatarwa sai an zura siririn bututu ta jijiyar wuya ko ta cinya har cikin jijiyar huhu an auna kai tsaye. Wannan mataki yana da muhimmanci, domin da yawa daga masu ciwon hanta matsinsu yana ɗan hawa ne saboda yawan jinin da ke gudana ko yawan ruwa a jiki, ba don jijiyoyin sun tsuke ba, kuma waɗannan ba sa buƙatar magungunan PoPH. Cibiyoyin da ke wannan aune ba su da yawa a ƙasar. Hanyar da mai jinya daga Argungu ko Augie ko Bunza zai bi ita ce daga babban asibitin garinsa zuwa Asibitin Tunawa da Sir Yahaya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a Birnin Kebbi, inda likita zai duba ko akwai buƙatar tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko wata cibiyar zuciya.

Magani da iyakarsa

Ga HPS, har yanzu babu ƙwayar da aka tabbatar tana warkarwa. An gwada magunguna da dama, har da tafarnuwa a wasu ƙananan bincike, amma babu wanda ya kai a sa shi cikin ƙa'idar jinya. Iskar oksijin tana rage wahala, kuma ana ba da ita ga wanda ma'auninsa ya sauka ƙasa da 60, abin da ke nufin tukunyar iska ko na'urar tace iska a gida, tare da matsalar lantarkin da kowa ya sani. Dashen hanta ne kaɗai ke kawar da cutar, kuma a mafi yawan waɗanda aka yi wa, iskar jini tana komawa daidai cikin wata shida zuwa shekara guda. Thomas Starzl ya yi dashen hanta na farko da ya yi nasara a Amurka a 1967. A Najeriya an daɗe ana dashen ƙoda, ciki har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, amma dashen hanta bai zama aikin yau da kullum ba. Masu hali Indiya ko Masar suke zuwa tare da ɗan uwan da zai ba da wani yanki na hantarsa, kuma bayan kuɗin aikin akwai magungunan hana jiki ƙin sabuwar hantar da za a sha har ƙarshen rayuwa.

PoPH tana da magani, ko da yake ba na warkewa ba ne. Akwai sildenafil da tadalafil, akwai ambirisentan da masitentan, wanda gwajin PORTICO na 2019 ya nuna yana rage tsukewar jijiyoyin, akwai kuma masu ƙarfi da ake bayarwa ta jijiya. Sildenafil dai shi ne sinadarin Viagra da ake sayarwa a matsayin maganin ƙarfin maza, kuma wannan ya sa samunsa ke da sauƙi, haɗarinsa ma haka. Mai HPS da ya sha shi bisa zaton hakinsa iri ɗaya ne da na wani yana ƙara buɗe jijiyoyin da buɗewarsu ce matsalarsa, kuma haɗa shi da magungunan ciwon ƙirji na dangin naitiret yana iya faɗar da jini warwas. Dangin ambirisentan suna lalata ɗan tayi, kuma ɗaukar ciki kansa babban haɗari ne ga mace mai hawan jinin huhu.

Wani abin da ke buƙatar kulawa shi ne furofanolol, maganin da ake ba masu ciwon hanta da yawa don kare su daga aman jini. Ga mai PoPH yana rage ƙarfin zuciyar da dama ta gaji, don haka likita kan sake nazari, ya koma ɗaure jijiyoyin maƙogwaro da roba ta na'urar leƙa ciki. Ba a dakatar da shi da kai. Dashen hanta ma ga mai PoPH sai an yi hattara: idan matsakaicin matsin ya kai 35 sai an sauko da shi da magani tukuna, idan kuma ya haura 50 ba a yin aikin, domin nazarin da aka yi kan waɗanda aka yi wa a wannan hali ya nuna ba sa tsira.

Abin da ya fi kusa da hannun yawancin mutane shi ne tare hantar kafin ta kai nan. Tenofobir, ƙwaya ɗaya a rana, yana danne ƙwayar cutar nau'in B, kuma a wani bincike na shekara biyar kusan kashi uku cikin huɗu na masu ƙeƙashewa sun sami raguwar tabo har suka fita daga wannan mataki. Nau'in C yana warkewa da maganin mako 12 a fiye da kashi 95 cikin 100. Rigakafin nau'in B yana cikin jadawalin yaran Najeriya tun 2004, kuma allurar farko ta fi amfani cikin awa 24 da haihuwa, abin da ke da wuya inda ake haihuwa a gida kuma ba a fita da jariri sai bayan suna. Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, ya shugabanci kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya matakin farko, wanda rigakafin yara ke cikin manyan ayyukansa.

Ga wanda hantarsa ta riga ta ƙeƙashe, magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen suna jawo zubar jini da lalacewar ƙoda, farasitamol kuma bai kamata ya wuce giram biyu a rana ba. Jiƙe-jiƙen shawara da ba a san abin da ke cikinsu ba suna ƙara wa hanta nauyi. Gishiri da dunƙulen ɗanɗano da kanwa duk suna ɗauke da sodiyam mai tara ruwa a jiki. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna suna ɗauke da gubar afalatoksin, wadda haɗuwarta da nau'in B ke ninka haɗarin sankarar hanta.

Tafiyar jirgin sama ma tana buƙatar shiri. Iskar cikin jirgi daidai take da ta kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, kuma ko mai lafiya iskar jininsa tana ɗan sauka. Maniyyacin da zai tashi daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello na Birnin Kebbi, ko ɗan kasuwar da ke zuwa Dubai ko Sin, idan yana da ciwon hanta da haki, yana buƙatar a auna iskarsa makonni kafin tafiya, domin kamfanonin jiragen sama suna neman takardar likita da sanarwa tun da wuri kafin su tanadi oksijin ga fasinja.